Neman Runhu a Duwatsun Kazaure

Gwaggo ce ta tayar da wannan tafiya. Ƙanwata ta sauka a Kano cikin watan Janairu, sanyi na tsaga ƙafa, aka girka tukunyar wankan jego a tsakar gida, aka aiki yara su karyo darbejiya a bakin titi kamar yadda kowane gida ke yi yanzu. Da suka shigo da damin, Gwaggo ta zari reshe ɗaya ta sansana, ta yar.

"Wannan ai ganyen rashi ne," in ji ta. "Mu da runhu aka yi mana. Bayan gidanmu in ka hau dutse, sai dai ka gaji da yanka."

'Yar ƙasar Kazaure ce, aure ya kawo ta birni shekara 50 da ɗoriya. Na ce mata darbejiya ma magani ce. Ta ce baƙuwa ce. Da gaskiyarta kuwa, don asalinta daga Indiya ne, kuma sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Na ƙara da cewa tun binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ake jan kunne a kan ruwa mai tsananin zafi da yawan kunun kanwa, saboda suna wahalar da zuciyar mai jego. Ta ce a sirka ruwan, a rage kanwar, duk ta yarda. Ganye dai runhu ne. Ta dube ni irin duban da ba ya bukatar ƙarin magana.

Da wani ne ya aike ni, da na nemi uzuri. Amma akwai labarin da ya daɗe yana yi mini kai-kawo. A 2006 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Mats Thulin na Jami'ar Uppsala, wanda ya shafe shekaru yana tattara littafin tsirran Somaliya, ya shiga yankin Ogaden na Habasha. A kan tuddan dutsen farar ƙasa ya ga wani itace ɗan dangin bagaruwa, mai santsin ɓawo ruwan toka, yana fure ruwan hoda da rani, babu ganye ko ɗaya a jikinsa. Ya duba littattafai, babu shi. Ya raɗa masa suna Acacia fumosa. Abin mamakin shi ne itacen ba ɓoye yake a wani lungu ba, ya mamaye ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 8,000, fiye da kashi ɗaya bisa uku na Jihar Jigawa. Rikici da nisa ne suka hana masu littafi zuwa. Makiyaya kuwa da raƙumansu sun daɗe suna ratsa shi safe da yamma, amma a rubuce sai a ƙarni na 21 aka "gano" shi.

Duk shekara ana raɗa wa sababbin tsirrai kusan 2,000 suna a duniya. Ba zan ɓoye ba, da na ɗauki jaka akwai wata 'yar wauta a raina: in itace mai wannan yawa ya ɓace wa masana, me zai hana wani ɗan kurmi ya maƙale a tsagin duwatsun Kazaure yana jirana? Na cusa tsofaffin jaridu da katako biyu na danne ganye, na sayi lemon tsami a tasha.

Daga Dawanau hanyar Daura ke rabuwa da ta Katsina. Har ka wuce Dambatta ƙasa shimfiɗe take, gonaki an girbe, karan dawa a jingine, hazo ya mayar da rana kamar faifai. Sai kwatsam duwatsu su taso a gabanka, dogaye a jere kamar an ja layi, garin kuma yana kwance a tsakaninsu. Masu ba da tarihi na cewa wani mafarauci mai suna Kutumbi ne ya fara zama a kwarin, ya ce wurin kamar zaure, daga nan sunan ya fito. Ko haka ne ko ba haka ba, duk wanda ya tsaya a bakin dam ɗin garin ya ɗaga kai zai gane abin da Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar, da zuriyarsa suka gani, har suka riƙe wurin suka ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo a farkon ƙarni na 19. Wuri ne da doki ba ya shiga sai ta ƙofa.

Da la'asar na hau dutsen da ya fi kusa. Na tsinci ɓaraguzan dutse, na matsa musu lemon tsami, na kasa kunne. Shiru. Dutsen farar ƙasa in ya sha tsami yakan yi 'yar kumfa, don asalinsa kwanson halittun ruwa ne da suka taru a gindin teku. Irin sa ne a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Malbaza a Nijar, da Ashaka a Gombe, shi ya sa masana'antun siminti suka sauka a can. Irin wannan dutse shi ne matattarar tsirran da ba a cika samu ba. Ƙasar kansa 'yar kaɗan ce, ruwa na zurarewa ta tsaga kafin saiwa ta sha, kuma kowane tudu ya ware daga ɗan'uwansa kamar tsibiri. Tsiron da ya koyi rayuwa a nan sau da yawa ba ya iya ta a wani wuri. Dalili ke nan da ya sa ake ta jin sababbin sunaye daga kudancin Sin da Biyetnam da Madagaska, kuma dalili ke nan da ya sa wani tsiro kan ƙare tun kafin a rubuta shi, in aka fasa tudunsa aka zuba a buhun siminti.

Na Kazaure daban ne. Yashi ne na fil azal da zafi da nauyi suka matse suka mayar da shi ƙanƙararre, shekarunsa sun haura miliyan 500. Ba ya ciyar da tsiro da komai. Alherinsa guda ne, garma ba ta hawa. Wani yaro da ke kiwon awaki ya tsaya yana kallona ina shayar da dutse lemo. Ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau. Bai yarda ba.

Runhu dai ban gan shi a nan ba. Na ga ɗunɗu da awaki suka gwaigwaye, da sabara, da kututture masu yawa.

Washegari na nemi masu magani a kasuwa. Wani dattijo na zaune a kan buhu, saiwoyi da sassaƙe a gabansa an ɗaure su ƙulli-ƙulli.

"Baba, barka da kasuwa. Ko akwai runhu?"

Ya miƙo mini busasshiyar saiwa.

"Ganye nake nema, ɗanye. Na wankan jego."

Ya dube ni, ya yi 'yar dariya. "Ɗanye? A wannan wata? To, ɗana, Allah ya ba da sa'a."

Ban tambaye shi dalilin dariyar ba, kuma wannan ne kuskurena na farko. Na biyu shi ne sauraron wani direba a teburin mai shayi, wanda ya ji ina kwatanta itacen, ya ce, "Mai furen nan rawaya? Ai a wajen Babura ba a taka ƙasa sai shi." Ba a gardama da direba a kan hanya, sai na bi.

Babura ba ta cikin masarautar Kazaure, ta Ringim ce, kuma ƙasarta ma wata ce dabam. Babu dutse ko na jifan tsuntsu, sai rairayi da jigayi har iyakar Nijar. Abin da direban ya nuna mini a gefen hanya filasko ne, ɗan gajere, ko gwiwa bai kai ba, da 'ya'yansa masu faɗi a lanƙwashe. Ban ji haushinsa sosai ba, domin a wajen masana filasko da runhu da tafasa da rai-ɗore duk 'yan ɗaki ɗaya ne, ana kiran gidansu Senna, daga kalmar Larabci da muke ji a sanamakin shagunan magani. Amma duk wanda ya taɓa shan filasko ya san aikinsa a ciki yake, ba a tukunyar wanka ba.

Tafiyar ba ta tashi a banza ba, saboda gawo. A watan da kowane itace ya tuɓe, shi ne yake tsaye kore shar a tsakiyar gona, shanu a gindinsa suna jiran 'ya'ya su faɗo. Da damina kuwa, sa'ad da gero ke bukatar rana, sai ya zubar da ganyensa ya zama taki. A littafi sunansa Faidherbia albida, sunan da aka ba shi a 1934 don girmama Louis Faidherbe, janar ɗin Faransa da ya mulki Senegal. Kafin nan Acacia ake ce masa. Bagaruwa ma an sauya mata gida bayan taron masana na Melbourne a 2011, inda aka bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia, namu aka raba su gida biyu. A bakin manomi kuwa gawo yana nan gawo, bagaruwa tana nan bagaruwa, tun kafin a haifi janar ɗin.

A kasuwar Babura na zauna da wani mutumin wajen Magarya ta Nijar da ya kawo buhunan 'ya'yan gawo yana sayar wa masu kiwo. Na tambaye shi ko su ma itace na ƙarewa a wajensu. Ya ce sun ga ƙarewar tun a fari na shekarun 1970 da 1980, sun dawo daga rakiyarta. Abin da suke yi shi ne sassaben zamani. In an zo sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. A wajen Maraɗi aka fara yaɗa dabarar a 1983, tare da wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, kuma masu ƙiyasi na cewa ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. "Mu ba mu dasa komai ba," in ji shi. "Hannu kawai muka ɗauke." A hanyar dawowa na riƙa karanta sunayen garuruwan wannan yanki, Ɗorawa, Kanya, can gaba kuma Taura, ina ƙirga ɗorawa nawa na gani tun safe. Yatsun hannu biyu sun ishe ni.

Ƙasar Gwiwa kuwa na ratsa ta ne a bayan ɗan acaɓa, ƙura har cikin haƙori. Abin da na riƙe daga can kalgo ne. Kowace gona da nasa, an sare shi ƙasa-ƙasa, ya sake tofowa da ganyensa mai kama da kofaton raƙumi. Mata na ɗaye ɓawonsa su yi igiya, ana jiƙa ganyen don ruwan tsamin tuwo, 'ya'yan kuma na shanu ne. Shi ma ɗan dangin wake ne, wannan babban dangi mai iri kusan 20,000 da ake gane shi da kwanso. Na daɗe ina zaton duk ɗan wannan gida yana yi wa ƙasa taki ta saiwa, kamar gyaɗa da wake masu 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke jawo sinadari daga iska. Ashe ba duka ba. Gawo da bagaruwa da ɗunɗu da baban rini suna yi. Kalgo da tsamiya da ɗorawa da runhu ba sa yi. Kalgo da ganyen da yake zubarwa da rairayin da yake tarewa yake biyan kuɗin zamansa. A bakin hanya kuwa, daga wannan ƙauye zuwa wancan, itacen girki ne jibge ana jiran motar birni. Ban ga laifin masu sara ba. Ni ma tuwon da na ci a Kano ba da iska aka dafa shi ba.

Kwana na uku na isa ƙasar Roni, gwiwata ta yi sanyi. A gindin wani dutse na tarar da wani tsohon Bafulatani da jikansa, tumaki na bin kara. Na yi sallama, na durƙusa.

"Baffa, sannu da kiwo. Runhu nake nema, an ce mini ya ƙare."

"Wa ya ce maka?"

"Idona."

"Idonka bai hau sama ba. Ba a rasa nono a ruga." Ya miƙa wa yaron sandarsa ta biyu, ya ce mini, "Taho."

Mutumin ya haura 70, amma ni nake haki. Yana tafe yana taɓa itace da sanda yana kiran suna, ba don ya koya mini ba, kamar dai mai gaida maƙwabta. Ga tsattsagi, raƙumi na son sa. Ga sarƙaƙiya, kauce. Ga tawatsa. Ga idon zakara ya naɗe ɗunɗu, kada yaro ya tauna. Wancan kututturen ƙirya ne, maƙera suka cinye shi, don babu gawayin da ya kai nata. Wancan kuma madobiya ce a da. Na fito da takarda ina rubutawa, kafin mu kai rabin dutsen na cika shafi biyu. Jikan, wanda bai fi shekara 10 ba, yakan riga kakan faɗa wani lokaci. Ni da na zauna a aji shekara 16 ne baƙon.

Can sama muka iske hano tsaye a kan dutse tsurarsa, ɓawonsa na saɓulewa kamar takarda. Shi ba ɗan dangin wake ba ne, amma na tsaya a kansa saboda sunansa na littafi, Boswellia dalzielii. John Dalziel likita ne ɗan Sikotlan da ya zo aiki ƙasar nan a 1905, ya riƙa yin abin da nake yi yanzu, yana bin mutane yana tambaya yana rubutawa. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma. Aiki ne na ƙwarai, har gobe ana cin moriyarsa, ban da shi da sunaye da yawa sun bi masu su kabari. Sai dai a duk shafin da ka buɗe akwai wani Baffa da ya ɗaga sanda ya nuna, kuma ba a san ko sunan ƙauyensu ba. Na gaya wa tsohon cewa wannan itace sunan wani Bature yake ɗauke da shi. Ya ce, "Shi ya shuka shi?" Na ce a'a. Ya ce, "To."

Kafin mu kai ƙololuwa ya nuna mini wani ɗan kurmi a cikin tsaga, tsayinsa iya ƙugu, ganye ƙanana a jere biyu-biyu. Ya kira shi da wani suna na Fillanci, ya ce bai san na Hausa ba, kuma a duwatsu uku kaɗai ya taɓa ganinsa. Gabana ya faɗi. Na yanki reshe, na shimfiɗa a jarida, na danne da katako. Babu fure a jikinsa, babu kwanso. Na san ƙa'idar: ba a raɗa wa tsiro suna da ganye kawai. Sai an samo fure da 'ya'ya, an busar, an gwada da na ɗakunan adana busassun tsirrai irin na Jami'ar Ahmadu Bello ko na Ibadan, ko na Kew a Ingila mai ɗauke da samfuri kusan miliyan 7, sannan a buga bayaninsa a mujallar masana. Mafi yawan abin da mai son ganowa ke ɗauka sabo, an rubuta shi tun kafin a haifi kakansa. Duk da haka na riƙe katakon nan kamar jariri.

Muna juya wani ƙaton dutse sai ga shi. Ba sai an faɗa mini ba. Guda biyar ne ko shida a wani ɗan kwari, kowanne ya ɗara ni tsayi kaɗan, sun yi rawaya zar cikin hazo, kamar an kunna fitila a ɗaki mai ƙura. Ƙamshi ya cika wurin, zuma na ta kuka. Na matsa kusa ina murna, sai na ga abin da mai maganin kasuwa ya yi wa dariya. Fure ne tun daga sama har ƙasa, rassan kuwa tsirara. Runhu da rani yake fure, kuma kafin ya yi sai ya zubar da ganye. Da damina da yake da ganyen, kore ne cikin kore, da na wuce shi ban sani ba.

Baffa ya zauna a kan dutse yana kallona. Ya ce da can har bakin gonaki ake samunsa. Masu yankan ganye ba su kashe shi ba, don yana tofowa. Masu haƙar saiwa ne, su cika buhu su kai birni. Ya nuna mini ramuka uku a gefe, ƙasarsu ba ta daɗe da bushewa ba.

"Ɗana, ba ka zo da magirbi ba dai ko?"

"Wuƙa ce kawai, Baffa."

Ya aiki jikan can ƙasan kwarin, inda inuwar dutse ke daɗewa kuma ƙasa ke riƙe danshi. Akwai guda ɗaya a can da bai gama zubarwa ba. Yaron ya dawo da abin da bai fi cikin tafi biyu ba, rabinsa ya soma ja. Tsohon ya karyo reshen fure ɗaya da hannunsa ya ɗora a kai, ya ce a kai wa mai aiken, za ta gane. Na ba shi goro da ɗan abin da ke aljihuna. Ya karɓi goron.

Na iso Kano bayan isha'i, kwana 12 da haihuwa, suna ma ya wuce. Gwaggo ta kwance ledar a gaban fitila. Ba ta ce komai a kan ƙarancin ganyen ba. Furen ta ɗauka, ya riga ya yi laushi, ta kai hanci, ta daɗe a haka.

"A ina?"

Na ce mata a ƙasar Roni, sama da dutse, sai da aka yi mini jagora.

"Har Roni?" Ta sake sansanawa. "Da fa a bayan gida yake."

Da asuba ta zuba ganyen a tukunya, ta cika da darbejiya. Furen kuwa ta sa shi cikin kwallar da take ajiye kayan aurenta, ta rufe.

Ɗayan reshen na kai wa wani abokina da ke koyar da ilimin tsirrai. Ya ɗaga jaridar, ya juya shi, ya duba bayan ganyen da gilashi. Ya ce zai iya zama abu uku, biyu daga ciki kowa ya san su. Na ce na ukun fa? Ya ce in koma a watan Agusta in kawo masa fure da kwanso, in kuma tambayi tsohon ya maimaita sunan a hankali, don abin da na rubuta ba ya karantuwa.